Tabarau a Kan Firij

A kamfanin kowa Rediyo yake ce masa, kuma ba don surutu ba. Mutum ne da za ku zauna kujera ɗaya a motar haya tun daga tasha har ƙarshen hanya, abin da zai shiga tsakaninku bai wuce "sannu" da "a sauka lafiya" ba. Aiki ne ya ba shi sunan. Kamfanin na sayar da kayan gyaran injuna, na famfon ruwa da janareto da injin niƙa, duk dai wani abu mai juyawa da ke iya wayar gari ya ƙi juyawa. Kowane noti, kowane bel, kowane boris da lambarsa, doguwa, haruffa da alƙaluma a cakuɗe. Bakanike ya kawo takardar abin da yake so, a miƙo ta ta taga, Rediyo ya ɗaga ya karanta da ƙarfi, wadda ke zaune a damansa ta buga a na'ura. Wadda ke zaune a damansa matarsa ce.

Ita kuma Anti ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ta riga shi zuwa kamfanin, kuma kafin shi ta ga bayan masu karatu da dama. Wani haɗiye ƙarshen lamba yake yi, wani rera ta yake yi kamar mai talla, wani kuma warin taba. Rediyo ya zauna ne saboda muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Da Anti ta kai maganarsa gida, mahaifiyarta ta tambaye ta me ta gani a jikinsa, sai ta ce, "Ba ya sa ni gogewa." A kan wannan aka ɗaura aure, kuma an sha ɗaura wasu a kan abin da bai kai haka ba.

Na'urar da take bugawa ta girmi auren. Allo ne baƙi, rubutu kore, babu hoto ko na ƙuda, sai wani ɗan ɗigon haske da ke ƙiftawa a inda ake jiran harafi na gaba. Ba ta san lallashi ba. Ka yi kuskure ta yi ƙara ɗaya ta tsaya tana kallonka. Sabbin ma'aikata sukan daɗe suna jin tsoronta. Anti kuwa ko yatsunta ba ta kallo. Tana da wata ɗabi'a kafin ta fara kowace oda: ta tura ɗigon gaba sau biyu, ta dawo da shi, kamar mai gwada ƙasa da ƙafa kafin ta taka. Daga nan sai gudu. Lamba na fita daga bakin Rediyo tana shiga allo, kafin ya ja numfashi ta tsallaka gurbi na gaba tana jiransa. Ba ta son jira, kuma abin da ta fi ƙi shi ne a jira ta. In layi ya kai bakin ƙofa takan ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, ƙara wuta. Mutane sun bar injuna a buɗe."

A gida labarin daban ne. Takan gaya wa ƙawayenta cewa rediyon nata a bakin ƙofa batirinsa yake ƙarewa. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, saura Auta, wadda ta gama makaranta ta samu aiki a kantar kamfanin. Da za a tattara duk hirar da Rediyo ya yi da matarsa a falo, ba za ta kai ta yini guda a ofis ba, kuma shi bai taɓa ganin hakan a matsayin giɓi ba. Wasu mazan sukan gaya wa matansu magana mai daɗi sau ɗaya a shekara. Shi kullum yana gaya wa tasa lambar boris, tana saurare da dukkan hankalinta, ba ta taɓa barin harafi ɗaya ya faɗi ƙasa ba.

Sai tsohon mai kamfanin ya gaji ya miƙa wa ɗansa. Sabon Manaja ya zo da kujera mai juyi da kuma ra'ayi. Ya tara ma'aikata ya ce duniya ta wuce baƙin allo. Yana so bakanike ya zauna a garejinsa, ya buɗe shafin intanet a wayarsa, ya ga hoton boris, ya taɓa, shi ke nan. Aka ɗauko masana daga wani kamfani. Suka shiga ɗakin baya, inda uwar na'urar take, suna dariya, suka fito ba sa dariya. Wanda ya rubuta tsarin ya daɗe da rasuwa, wanda ya fahimce shi ya bar ƙasar, kuma duk abin da kamfanin ya taɓa saya ko sayarwa yana cikinta. Babu wanda ya yarda ya zama mutumin da ta mutu a hannunsa.

Saboda haka suka kawo dabara. Ba za a taɓa tsohuwar ba, fuska za a yi mata. A gaba shafi mai launi da hotuna. A baya kuwa, duk abin da mai saye ya taɓa, shafin zai zagaya ya buga shi a baƙin allon nan harafi-harafi, kamar akwai akawu a zaune. Sai dai dole a koya wa shafin hanya: wane maɓalli ake fara dannawa, ina ake shiga, ina ake fita. Kuma tsohuwar in aka yi mata gaggawa haɗiye haruffa take yi, don haka ba hanyar kaɗai za a ɗauka ba, har da saurin tafiyar. Suka ce a ba su akawun da ya fi kowa iyawa, ya yi oda guda daga farko zuwa ƙarshe, su naɗi motsin yatsunsa. Daga baya sunaye da lambobi ne kawai za su riƙa canzawa, tafiyar kuwa tasa ce.

Ranar naɗin Anti ta sa kayan da take zuwa biki da su. An gaya mata ba hoto za a ɗauka ba, ta ce ta ji. Masanan suka jona wayoyinsu, suka ce a yi kamar kullum. Rediyo ya ɗaga takarda ya fara, sunan gareji, sunan mai saye, yatsunta na biye da shi. Da aka iso gurbin lambar kaya, inda rubutun yake ƙanana, sai ya ga alƙaluman sun narke. Ya nisantar da takardar, ya matso da ita, ya laluba aljihun gaba, babu komai.

Anti ta ɗauke hannu daga madannai ta juyo gaba ɗaya, abin da ba ta yi a wurin aiki.

"Malam, ina tabaraunka?"

"Na bar shi a kan firij."

"To madalla. Ya karanta wa firij."

Ta cire nata, mai jan firam da siririyar sarƙa. Ta fitar da sarƙar ta saman ɗankwali a hankali don kada ɗaurin ya lalace, ta goge gilashin da bakin mayafi, ta miƙa masa. Ya sa. Ya yi masa kaɗan, ya matse masa gefen kai. Ta dube shi a ciki, bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ta fasa saboda baƙi. Sannan ta juya ta ƙarasa odar ba tare da tana ganin allon ba. Masanan na can kowa da wayarsa a hannu. Suka ce ya yi kyau, ba sai an sake ba.

Ba ta ga shafin ya fara aiki ba. Ciwon da ta daɗe tana ce masa gajiya ya fito da sunansa na gaskiya, aka kwantar da ita. Rediyo ya kai mata tabaraunta asibiti ko za ta so ta karanta wani abu. Ta juya shi a hannu ta mayar masa. "Riƙe," ta ce. "Naka ai ya saba da firij."

Bayan an gama karɓar gaisuwa ya koma aiki ya tarar babu aikin. An toshe tagar, an fitar da teburan nan biyu, an ajiye tukunyar fulawar roba a wurin. Manaja ba mugu ba ne, kuma sallamar mutumin da ya binne mata kwanan nan ba ta yi wa kamfani kyau, don haka aka ƙirƙiro masa muƙami: mai kula da ɗakin uwar na'ura. Aikinsa ya tabbatar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, in jar fitila ta kama ya buga waya. Jar fitilar ba ta taɓa kamawa ba.

Ɗakin ƙarami ne, babu taga, sai sanyi da wani ƙugi da ba ya tsayawa. A kan tebur an bar baƙin allo guda a kunne saboda masu gyara. Kwanakin farko Rediyo ya juya masa baya, ya zauna yana kallon ƙofa, da jan tabarau a fuska, domin nasa bai sake ɗauko shi daga kan firij ba. Wata safiya sai ya lura da wani kore-kore yana motsi a jikin gilashin kabad ɗin da ke gabansa. Ya juya.

A kusurwar allon, a sama, haruffan sunanta ne. Da sunanta aka shiga na'urar ranar naɗin, kuma babu wanda ya ga dalilin canzawa. Ɗigon hasken ya yi gaba sau biyu, ya dawo. Babu kowa a kujerar, babu ƙarar madannai, su ma madannan ƙura ta rufe su. Sunan wani gareji ya fito harafi-harafi, da saurin da ya sani kamar bugun zuciyarsa. Ɗigon ya ɗan dakata, daidai jan numfashi guda, numfashinsa. Sunan mai saye ya fito. Sai aka iso gurbin lambar kaya, ɗigon ya tsaya yana ƙiftawa.

Ya ɗauka na'urar ce ta maƙale, har hannunsa ya kai kan waya. Sai ya ji bakinsa ya ce, a cikin ɗakin da ba kowa, "Na bar shi a kan firij."

Ɗigon ya ci gaba da ƙiftawa, tsawon fitar da sarƙa ta saman ɗankwali, da goge gilashi, da miƙawa, da ɗan kallon nan. Sannan lambar ta zubo a guje.

Rediyo ba mai camfi ba ne. Ya san inda matarsa take, da hannunsa ya sa ta a kabari. Ya san wannan naɗi ne, an yi shi a gabansa, har an ba su lemo bayan an gama. Gashin jikinsa ne bai san haka ba. Ya zauna hannu a kan waya har wata oda ta shigo. Gaba sau biyu, baya sau biyu, gudu, tsayawa a wuri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Ta uku ma haka. Masanan ba su yanke komai ba. Duk bakaniken da ya taɓa hoton boris a wayarsa, a kowane reshe, a kowane gari, sai ya jira Anti ta goge tabarau ta miƙa wa mijinta.

Washegari ya ja kujerarsa ya ajiye ta a hagun allon. Bai yi niyyar yin magana ba, amma baki mai shekaru yana karatu ba ya neman izini. Yanzu ba shi da takarda, don haka sai haruffan sun fito yake karanta su, ita a gaba shi a baya, wanda in za a faɗi gaskiya haka zaman nasu yake tun asali. In an zo wurin tsayawa ya faɗi maganarsa ta firij, ya yi shiru ya bar mata nata wurin. Wata rana yakan ji amsar, wata rana ƙugin na'ura kawai yake ji. Da yamma, in odoji sun ɗauke, ɗigon ya tsaya a kusurwa yana ƙiftawa, sai ya ɗauki hularsa ya ce, "To, sai da safe," ya kashe fitila ya bar ta a kunne. Ya fara zuwa aiki da wuri. Ma'aikata suka ce ashe dattijon yana da haƙuri, ya ɗauki rashin da sauƙi.

A gaba, a kan shafi mai launi, tsayawar nan ba ta kama da komai sai wani ɗan zobe da ke juyawa a tsakiyar fuskar waya. 'Yan kanta suka sa masa suna, in ya fara juyi su ce na'ura ta tafi shan ruwa. Manaja ya yi zaton bakanike zai zauna a gareji, amma bakanike yana son ya zo da mataccen boris ɗinsa a hannu, ya ajiye a kan kanta ya ce irin wannan. Saboda haka layi bai ragu ba, sai dai yanzu Auta ce take taɓa musu hoton, kuma ita ce take tsayuwa tsakaninsu da zoben.

Da ƙorafi ya yi yawa, Manaja ya nemi masanan farko, aka ce kamfaninsu ya koma wata sana'a. Sai ya ɗauko wata injiniya, matashiya, mai magana a hankali. Ta shigo ɗakin baya da kwamfutarta a hammata da rigar sanyi a jiki, alamar ta san irin ɗakunan. Ta gaishe shi har da ɗan rusunawa.

"Baba, an ce ka fi kowa daɗewa da na'urar nan."

"Haka suka ce."

Ta zauna a kujerar dama. Wurin Anti ke nan, amma Rediyo ya ƙyale ta. Ta yi kwana biyu tana kallon allon tana duba tata kwamfutar, shi kuma ya yi kwana biyu yana karatu a zuci. A rana ta uku ta juyo da fuskar kwamfutar wajensa.

"Ka ga waɗannan ƙananan tsayawar, na gane su. In babu su haɗiye haruffa za ta yi. Wannan babbar ce ban gane ba. Waɗanda suka yi aikin ba su bar bayani ba. Tsorona kada a ce a nan take zuwa duba abin da ke sito, in na katse ta ta rikice, a wayi gari ana sayar da kayan da babu su. Ba na so in zama wadda ta kashe wa mutane kamfani."

"Babu mai so."

"Shi ya sa na ce in tambaye ka. In tana buƙata, in bar shi, in gaya wa Manaja a yi haƙuri. In ba ta buƙata, yau ɗin nan zan cire."

A daidai lokacin ɗigon yana tsaye a gurbin, yana ƙiftawa. Rediyo ya san inda aka kai. An fitar da sarƙa, ana goge gilashi.

"Tana buƙata," ya ce. "A nan take duba sito."

Ya faɗe ta da muryar da yake karanta lambobi, wadda ba ta hawa ba ta sauka, kuma ba a taɓa samun wanda ya yi musu da wannan murya ba. Injiniya ta yi godiya, ta ce za ta nemi sauri ta wani wurin kafin ta tafi ƙarshen mako. Da ta fita ya goge kujerar dama da hannun riga.

Bai saba zuwa kanta ba tun da aka toshe tagar. Ranar da ya je, makullin gida zai ba Auta, domin yana da ganin likitan ido bayan tashi. Layi ya kai bakin ƙofa har ya lanƙwasa. Fankar sama na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A gaban Auta wani dattijon bakanike ne, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ya ajiye tsinkakken bel a kan kanta, su biyun suna kallon zobe yana juyawa.

"Ta tafi shan ruwa, Baba," in ji Auta.

"Tun bara take shan ruwan nan, ba ta ƙoshi ba? Na bar famfon asibiti a kwance, 'yar nan." Ya juya ga layi, ya samu masu sauraro. "Ai ba na'ura ba ce. Na'ura ba ta nawa. Wani ne a ciki yake miƙe ƙafa. To ko wane ne, Allah ya tsayar da shi a ranar da yake neman wucewa."

"Amin," in ji layi, ana dariya.

"Amin," in ji Auta, ba ta ko ɗago kai ba.

Rediyo yana tsaye da makulli a hannu. A lissafinsa, daidai lokacin aka miƙo masa tabarau. Zoben ya ɓace, oda ta wuce, na baya ya matso, zoben ya dawo. Ya ajiye makullin a kan kanta ya juya. Sanyin ɗakin baya bai taɓa shigarsa kamar na wannan lungu mai zafi ba.

Auta ta ga fuskarsa. Da aka tashi cin abinci ta biyo shi da kwanonsa, kuma maimakon ta miƙa daga bakin ƙofa kamar kullum, ta shigo tana rungume da hannuwanta.

"Baba, jikin ne?"

"Zauna. Ba nan ba. Nan." Ya tashi ya ba ta kujerar hagu. "Kalli can."

Oda ta shigo. Ɗigon ya yi gaba sau biyu ya dawo. Auta ta daina goga hannuwanta. Mahaifiyarta haka take buga yatsa a kan tebur kafin ta fara faɗa, da kafin ta fara yanka albasa. Idonta ya hau kusurwar sama ya ga haruffan. Da ɗigon ya tsaya, Rediyo ya gaya mata abin da ke faruwa a ciki, a taƙaice, daga aljihun da babu komai har zuwa dariyar da aka fasa. Labarin ya ƙare daidai da tsayawar.

Auta ta dubi allon, ta dube shi. Sai ta yi wata dariya da ta fito tare da hawaye.

"Wato duk zagin nan da nake sha, Mama ce take goge tabarau."

"Ita ce."

"Kai kuma kana nan kana karɓa."

Wata odar ta zo ta tsaya, suka jira ta tare.

"Na ce amin, Baba."

"Na ji."

"Ba yau kaɗai ba. Kullum sai an yi irinta, wata ma ta fi wannan muni, kullum ina cewa amin." Ta share ido da bayan hannu. "Matar da ko a gadon asibiti take ce wa nas ta je ta fara sallamar na kusa da ita. Yau ita ce mai nawar kamfani. Da za ta ji, da ta taso ta cire shi da kanta, ta haɗa da kai."

"Da ta ce in ƙara wuta."

"Ni ba zan gaya wa kowa ba," in ji Auta. Ta miƙe ta buɗe masa kwanon. "In ka bar shi, zan ci gaba da shan zagin, ai uwata ce. Amin ɗin ne na daina. Sauran layin kuwa ba ni da iko da bakinsu."

Bai je wurin likitan ido ba. Ya zauna har aka tashi, yana kallo. Bai iya faɗin maganar firij ba ko sau ɗaya, domin duk lokacin da ɗigon ya tsaya, abin da yake ji ta cikin bango shi ne layi. A da tsayawar ɗaki ce da su biyu kaɗai suke ciki. Yanzu ya san akwai mutane a bakin ƙofa, da baƙaƙen hannuwa, suna ɗaga su sama.

Da safe ya samu Injiniya tana naɗe wayoyinta, ranar tafiyarta ce.

"'Yata, wurin nan da kika tambaya. Ba sito take dubawa ba. Ki cire."

Ta dube shi. "Ka tabbata, Baba? Shekaranjiya ka ce..."

"Tabarau ake gogewa a wurin."

Ta kalli jan firam ɗin da ke fuskarsa, da sarƙar da ta sauko ta bayan kunnensa, ta kalli haruffan kusurwa, waɗanda ta yi mako tana gani a matsayin haruffa. Ya ƙara mata jimla biyu, ba ta nemi ta uku ba. Ta buɗe kwamfutar ta zauna, amma a gefen tebur, ta bar kujerar dama.

"Kafin in taɓa, bari in kwafe maka shi yadda yake."

"In yi me da shi?"

"Ka ajiye. Ba ya cin wuri."

Ta ba shi wani ɗan abu kamar ƙaramin yatsa. Sannan ta gangara cikin rubutun, ta haskaka layi ɗaya, ta danna maɓalli ɗaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya yi tsammanin abin zai fi haka, a kashe wuta, ko a kira Manaja, ko jar fitilar nan ta samu ranarta. Injiniya ta nuna masa wani wurin. "Wannan ma, gaba biyu baya biyu, ba ya aikin komai."

"Yana sa mutane jira?"

"Bai kai ƙiftawar ido ba."

"To."

Ta ɗauke hannunta daga kai. Ta ce sai an rufe kanta gyaran zai hau, gobe za a gani. Da yamma Rediyo ya kai ɗan abin gida ya ɗora shi a kan firij, kusa da tsohon tabaraunsa, wanda ƙura ta yi wa gilashi na biyu.

Washegari ya riga mai shara zuwa. Ya kunna fitila, ya duba na'urar sanyi, ya ja kujerarsa zuwa hagu. Odar farko ta shigo. Ɗigon ya yi gaba sau biyu, ya dawo. Sunan gareji, numfashi, sunan mai saye. Gurbin lambar kaya.

"Na bar shi a..."

Lambar ta riga ta zubo. Adadi ya biyo, oda ta rufe, wata ta buɗe. Anti ba ta juyo ba. Ta cikin bango ya ji hayaniyar kanta, ƙafafu na matsawa, wani yana cewa yau kuwa na'ura ta ƙoshi da ruwa, Manaja na karɓar yabo. A allon sunaye na ta wucewa, kore a kan baƙi, ya karanta rabin ɗaya na biyu ya taso masa, ya kama na biyu na uku ya shige. Haka take yi a ranakun da layi ya kai ƙofa, baya a miƙe, ido a gaba, ba ta da lokacin kowa.

Ya ɗan zauna bakinsa a buɗe. Sannan ya gyara zama, ya tura jan tabarau sama da yatsa, ya ƙara wuta.